Jan Fentin Baba

Shekara bakwai ke nan da rasuwar mahaifina, Malam Sale, kuma shekara bakwai ke nan ina jin ana yabonsa da abin da ba halinsa ba. Duk wanda ya tare ni a cikin garin Daura maganar ɗaya ce: "Allah ya jiƙan Malam mai gyaran famfo, mutum mai haƙuri." Addu'ar na karɓa, amin. Sauran kuwa ku riƙe abinku. Baba ba mai haƙuri ba ne, mafaɗaci ne na bugawa a jarida, ga shi kuwa yau na buga. Kuma ba gyaran famfo yake yi ba. Yana raye, in ka kira shi haka sai ka yi da-na-sani, don a wurinsa gyara tarar da ake ci ce ga wanda ya ƙi yin tsari.

Aikinsa tsara hanyar ruwa ne a filayen haƙar ma'adinai. Kafin a sari ƙasa, shi ake fara kira. Sai ya yi ta zagaya fili da igiya da turaku, yana duba gangare, yana tsayar da makiyaya yana tambayarsu inda ruwa ke kwanciya da damina. Rijiyar burtsatse da tanki a kan tudu. Wurin wanke dutse can ƙasa, yadda dauɗarsa ba za ta gangaro wa kowa ba. Masai nesa da rijiya, kuma kada ya fuskanci alƙibla ko ya ba ta baya. Inda tifa za ta riƙa wucewa, a binne bututu da zurfi. Masu fili su yi ta ƙorafi yana ɓata musu lokaci, shi kuma ya ce tun ran gini ran zane, wanda ke sauri ya nemi wani. Da yawa sun nemi wani ɗin. Mu a gida mu muka san abin da wannan baki nasa ya jawo wa tukunyar Inna.

Amma doka ɗaya ce ya fi tsananta a kanta: bututu biyu ba sa haɗuwa. Ruwan da aka wanke dutse da shi yakan taru a kududdufi, ya kwanta, inji ya sake jawo shi a sake wanki. Wannan bututun Baba da hannunsa yake shafe shi da jan fenti, gaɓa-gaɓa, ba ya ba yaro. Na sha da alwala kuwa ya bar shi fari. Babu rigarsa da ba ta da ɗigon ja, har ta Juma'a.

A shekarun da aka fara shari'a a jiharmu, kowa ya zama malamin ruwa. Lebura ma zai karanto maka hukunci: ruwan da launinsa da ɗanɗanonsa da ƙamshinsa ba su sauya ba, mai tsarki ne. To ruwan kududdufin nan in ya kwanta garau yake zama, kamar hawaye. A nan Baba ke yin faɗan da ya fi kowane. Na taɓa jin sa yana ce wa wani ɗan kwangila, "Ni ma na zauna gaban malamai, ban musa hukunci ba. Amma malamai najasa suka yi magana a kai, ba abin da dutse ke saki ba. Alwalarka na iya yiwuwa, cikinka ne bai yi karatu ba."

Fili na ƙarshe da ya tsara yana ƙasar Baure. Yayana Nura ne ya gaji aikin wurin, can yake zaune da iyalinsa. An ce kyan ɗa ya gaji ubansa. Yaya ya gaji akwatin kayan aiki, bai gaji bakin ba. Da bazarar bana ruwan rijiya ya ja baya, famfon masallacin filin ya ƙafe, ma'aikata suka kai kuka. Yaya, mai son a zauna lafiya, ya ɗauko guntun bututu ya haɗa famfon masallaci da layin kududdufi. Ruwa ya zo, aka yi ta sa masa albarka.

Ban sani ba sai watan jiya da na je musu kwana biyu. Na ga matarsa ta aika an cika randa daga famfon nan, don shi ya fi kusa, kuma rabin matan ƙauyen da ke gefen filin can suke ɗiba. Na bi bututun da ƙafa, halin gado, har na iso mahaɗar. Rana ta cinye fentin, amma ga shi nan a gindin gaɓa, ja.

"Yaya, wannan ai jan layi ne."

"Ke Bilki, na ɗan lokaci ne, kafin damina. Alwala kawai ake yi."

"Randar gidanka ma alwala take yi?"

Ya ce in ina da ta cewa in je in tambayi Liman. Na je. Dattijon kirki ne, ban raina shi ba. Ya tara hannu a famfo, ya duba, ya shinshina, ya kurɓa, ya ce alhamdu lillahi, babu abin da ya sauya. Na ce, "Allah ya gafarta Malam, ban ce najasa ba ne." Ya ce, "To mene ne, 'yata?" Ni ma ban san sunansa ba. Iyakata sakandare. Abin da na sani, mun ji yadda yara suka ƙare a wasu garuruwan haƙar zinare, kuma ruwansu bai yi tsami ba balle a ce ba banza ba. Na kuma san Baba ya yi shekaru a bakin kududdufin nan, da azumi da ƙishirwa, bai taɓa kurkure baki da shi ba.

Nakan tambayi kaina me zai ce da ya ga yau. Injin sola da ke jan ruwa babu mai, na san zai tsaya yana kallonsa kamar yaro. Amma da ya ga mahaɗar nan, wallahi sai an riƙe shi. Abin da ya fi ci mini rai, ɗan Yaya na fari sunan Baba ya ci, muna kiransa Abba. Shekararsa uku, kullum da moɗa a hannu a gindin randar nan. Wato Sale na biyu yana shan abin da Sale na farko ya ƙare rayuwarsa yana faɗa a kansa, mutane kuma suna nan suna ce mini mai haƙuri ne. Da mai haƙuri ne, da tuni an haɗa bututun nan yana kallo.

Tankunan da ya kafa suna nan. Masai bai taɓa gurɓata masa rijiya ba, tifa ba ta taɓa fasa masa bututu ba. Ƙarfe da roba sun riƙe amanarsa. Abin da ya ɓace shi ne mutumin da zai yarda a ƙi shi saboda ruwan da wani zai sha, kuma wannan ba a barin sa a akwatin kayan aiki.

Na duba ɗakinsa, gwangwanin fentin ya bushe ƙamas, sai na sayo sabo a kasuwa da buroshi. Abba yana nan Daura wurin Inna, na ɗauko shi, uban yana fushi, ya yi ta yi. Na cika kwalba da ruwan famfon zan kai Katsina a auna, in na yi kuskure zan dawo wannan shafi in faɗa. Kafin nan, ranar Juma'a da hantsi zan koma filin in shafe famfon masallacin da ja, daga kansa har mahaɗa, yadda duk wanda ya zo da buta ko jarka zai san layin da yake ɗiba. Wanda zai zage ni ga ni ga shi. Allah ya jiƙan Baba, ya sa ya huta. Ni kuma ranar da tawa ta zo, ku yi mini addu'a kawai, kada wanda ya ce mai haƙuri ce.