Kiɗan da Mukhtari ya shiga da shi garin surukansa

Wata rana wani bawan Allah mai suna Mukhtari ya ɗauki matarsa Lantana a mota daga Kano, za su garin iyayenta, wata 'yar tungar masunta a bakin Kwara, can bayan Yawuri.

Ba yawon shan iska za su ba.

Daminar bara jirgin ruwa ya kife da 'yan kasuwa a garin. An tsamo wasu, wasu kuwa har yau shiru. Cikin waɗanda ruwan ya riƙe har da Sabi'u, ƙanen Lantana, autan gidansu.

Tun daga lokacin Lantana ba ta ƙara dariya ba. Tana girki, tana amsa gaisuwa, amma da ka kalle ta ka san ba ta wurin.

Abu ɗaya Mukhtari yake nema a tafiyar nan: ya ga haƙoran matarsa kafin su dawo.

Shi kuwa Mukhtari, Allah ya yi shi da son kiɗa. Mutum ne da ko shayi zai sha sai ya nemo waƙar da ta dace da shayin. Don haka ya tafi shagon masu tura waƙa a waya, ya zauna ya tsara tafiyar gari-gari. Kowane gari da tasa.

Da aka zo kan garin su Lantana sai ya rasa abin da zai sa. Zuwansa garin bai wuce na ɗaurin aure da na ta'aziyya ba.

Mai shagon ya yi ta lalube a kwamfuta, can ya ce ga wani nan, an ma rubuta sunan garin a jiki, da alama kiɗan gargajiyarsu ne.

Mukhtari ya ɗan saurara. Ganga ce guda ɗaya, mai nauyi, tana tafiya a hankali. Daga nesa ana jiyo muryoyin mata.

Ya ce ai wannan guɗa ce, a tura.

Bai tambayi Lantana ba. Wai so yake ya ba ta mamaki.

Suka kama hanya.

A Funtuwa ya sa kiɗan manoma. A Gusau ya sa na 'yan dambe, yana tuƙi yana karkaɗa kafaɗa kamar shi za a ɗaura wa zare. Lantana ta harare shi, shi kuwa har cikin ransa ya ji daɗin hararar, don an jima ba a yi masa ita ba.

Da suka doshi Sakkwato ya koma waƙoƙin bege. A can suka kwana. Washegari, wajen Jega, ya sa wata tsohuwar waƙar 'yanmata ta dandali, sai ya hangi yatsanta yana ɗan bugun gwiwarta.

Wallahi saura kaɗan ya yi ƙwalla. Ya ce a ransa, bari dai mu shiga garinku ki ji abin da na tanadar miki.

Bayan sun wuce Koko barci ya kwashe ta.

Sun isa tungar bayan azahar, ranar kasuwa, gari cike da mutane. Mukhtari ya sauke gilasai duka, ya danna kiɗan, ya ƙure murya.

Gangar ta fara.

Mai nama ya tsaya da wuƙa a sama.

Wata mai tallar kifi ta sauke tirenta a ƙasa, a hankali, ba ta ko dubi inda ta ajiye ba.

Mai injin niƙa ya kashe inji.

Kasuwa guda ta yi tsit, ba ka jin komai sai gangar nan.

Sai ƙofofi suka fara buɗewa. Mata suna fitowa, wata ba mayafi, wata ba takalmi, wata da ƙullun tuwo a hannu. Ba mai gudu, ba mai magana. Kowacce ta fito sai ta bi bayan motar.

Mukhtari ya duba madubi, ya ga layi ya yi tsawo. Ya ɗauka tarba ce. Har ya fito da hannu yana ɗaga musu.

Ba wanda ya ɗaga masa.

A nan ya fara zargin akwai matsala. Ya kasa kunne sosai ga abin da ke fita daga motarsa, yanzu da muryar ta yi ƙarfi.

Ashe ba guɗa ba ce. Kuka ne.

Lantana ta farka a firgice, ta kai wa rediyon duka har ya mutu. Ta ce masa wannan kiɗan ba a buga shi a garinsu sai ranar da ruwa ya dawo da gawa. Da shi ake kiran masu jira su zo su duba ko nasu ne.

Ashe wani ne ya ɗauka a waya ranar da ake tsamo mutanen jirgin, ya yi ta yawo hannu zuwa hannu har ya faɗa kwamfutar mai shago.

Mukhtari ya taka birki.

Mutane suka dare, wata tsohuwa ta ratso ta tsakiyarsu. Inna ce, mahaifiyar Lantana. Ba ta ko kalli 'yarta ba. Ta dafa ƙofar motar da hannu biyu, ta dubi surukin da a da ko ido ba ta haɗawa da shi saboda kunya.

"Ɗan nan, ka zo mini da shi?"

"Inna... kiɗa ne kawai. A waya yake."

"To. Buɗe mini bayan motar."

Ya fito, ya buɗe.

Buhun shinkafa. Jarkar mai. Turmin atamfa da ya sayo mata.

Inna ta daɗe tana kallo. Ta sa hannu ta ɗaga buhun kaɗan, ta leƙa ƙarƙashinsa. Sannan ta mayar, ta gyara masa zama.

Sauran matan ma sai da kowacce ta zo ta leƙa da idonta, don kowacce da nata wanda take jira. Suka juya ɗaya bayan ɗaya, ba wadda ta ce masa uffan.

Da zaginsa suka yi, da ya fi masa sauƙi.

Da yamma wani dattijo maƙwabcinsu ya ja shi gefe. Bai yi masa faɗa ba. Ya dai gaya masa cewa tun da jirgin ya kife, kullum Inna a bakin ruwa take wuni, tana kallon duk jirgin da ya taho. Da ƙyar da lallashi da addu'a aka samu ta haƙura ta zauna a gida, ko wata biyu ba a yi ba.

Washegari da safe Mukhtari ya je gaishe ta, ya tarar ɗakin a buɗe, ba ita, ba tabarmarta.

Ya gangara bakin ruwa. Tana can zaune. Lantana tana gefenta.

Darasi:

Kyakkyawar niyya ba ta hana ka fama wa mutum ciwo. Kowane gari, kowane gida, yana da abin da ba a taɓawa, kuma ba a rubuta shi a bakin ƙofa. Kafin ka ɗauki abin mutane ka yi ado da shi, ka tambayi masu shi. Wadda za ta gaya wa Mukhtari gaskiya tana kujerar kusa da shi tun daga Kano.

Allah ya jiƙan waɗanda ruwa ya ci, ya sanyaya zukatan masu jira.

Ka tura wa wanda ka san yana da saurin yi wa mutane bazata, ko zai riƙa tambaya tukuna.