'Yar Fari Ba Ta da Mai Zuwa Mata Lakwal

Ranar wata Litinin ce, makonni uku da komawarmu lakwal, wato makarantar boko, bayan dogon hutu, ina aji biyar, shekarata goma sha ɗaya. Tun asuba ake ruwa irin na Douala, wanda ba iska ba tsawa, zuba kawai yake yi. Kwatocin unguwarmu ta New Bell sun cika sun haɗe da hanya, muka iso aji da takalma a hannu, ƙafafu duk taɓo, muna ɗiga a kan bencin da aka yi don mutum uku amma mu biyar muke zama. Madam Ngono, malamar ajinmu, ta ce in tashi in karanta. Na miƙe da ƙarfin gwiwata, don a fagen nan ba ni da na biyu. Na buɗe shafin, na kwararo Faransanci tun daga sama har ƙasa, ban yi tuntuɓe ko sau ɗaya ba. Ina jiran ta ce in zauna, sai ta tako har inda nake, ta rufe littafin. Ta ciro guntun jaridar da aka naɗo mata makala, wato fanke, a ciki, duk ya jiƙe da mai, ta shimfiɗa a gabana, ta ɗora yatsa a kan wani layi ta ce, "Habiba, karanta min nan."

Na san baƙaƙen ɗaya bayan ɗaya, amma suka ƙi haɗuwa su zama magana. Na tsaya ina kallon takarda, ruwa na dukan kwano, har wata a baya ta fashe da dariya, sauran suka kama. Na zaci bulala ce za ta biyo baya, kuma wallahi da na fi son haka. Madam ba ta taɓa ni ba. Ta sunkuyo ta tambaye ni a hankali, "Tun yaushe?" Amsar kuwa ita ce tun ranar da na fara.

Kunne ne ya cuce ni, kuma shi nake taƙama da shi. Kafin in san ƙofar lakwal na yi shekara biyu a makarantar allo ta bayan masallacin unguwarmu, inda malam zai biya maka sau biyu ka maimaita. A nan kunnena ya goge. Da aka kai ni boko na tarar a can ma haka ne: malami ya karanta, aji duka ya amsa da murya ɗaya. Ni sau biyu ya ishe ni, shafi ya zauna a kaina daram, har na san wurin da ake juya takarda. A rubutu nake faɗuwa, amma malaman ƙananan azuzuwa sun ɗauka lalaci ne da son wasa. Kuma ba su yi ƙarya gaba ɗaya ba, don idan aka fita hutun rabin rana ni ce a tsakiyar wasan ndoshi, ina kauce wa ƙwallo ina jera silifa, ba mai iya jifana. Makin baka ya riƙa jan na rubutu, ina haye aji da ƙyar, ba wanda ya tsaya ya duba.

A gida kuwa karatun nawa abin ji ne. Gidanmu na katako ne, ɗaki uku da baranda, tsakar gida ɗaya muke rabawa da wasu iyalai biyu. Da la'asar, bayan na ɗebo ruwa a famfon bakin titi na wanke tukwane, sai in zauna tsintar shinkafa ina rera darasin ranar da ƙarfi, kamar yadda ake tilawa. Babanmu yana sayar da albasar arewa a kasuwar Sandaga, yakan dawo da warinta a riga, ya shimfiɗa tabarma a baranda ya kunna rediyo. Bai san Faransancin littafi ba, amma ya san karatu, kuma a wurinsa yaron da ya ɗaga murya bai yi gargada ba ya iya. Bai taɓa ce min komai ba. Sai dai idan na fara, yakan miƙa hannu ya rage muryar rediyon. Wannan rage rediyon shi ne duk ladan da na taɓa samu, kuma saboda shi na gwammace in mutu da in ce ban iya ba.

Dalilin shirunsa shi ne ni ce 'yar fari. Wanda bai tashi a cikinmu ba zai sha wuyar gane wannan. Iyayena ba sa kiran sunana. Ni ce "ke", ni ce "yarinyar nan", idan ana maganata da baƙo ni ce "wance". Ba sa yabona, ba sa nuna damuwa da ni a gaban mutane, idan na yi zazzaɓi maƙwabciya ce ke tambayar jikina da baki, Inna kuma ta ajiye min kunu ta wuce. Ba ƙiyayya ba ce, kunya ce, haka su ma aka yi musu. A can arewa abin yana tafiya daidai, domin ɗan fari yana da kaka, yana da goggo, akwai wanda zai tsaya masa ya yi faɗa a kansa. Ni ma na samu haka wurin Hajja, mahaifiyar Baba, wadda ta riƙe ni har na shekara shida. Sai ta ce damshin Douala ya cinye mata gwiwoyi, ta koma Garoua, can ta rasu. Aka bar al'ada a gidanmu, wadda ke cike gurbin kuma babu ita.

Madam Ngono ta rubuta takardar kiran iyaye ta ba ni. Na ajiye a gefen tabarmar Baba, na ce daga lakwal ne, ana son ganinsa. Ya ce, "To." Bai je ba. Ta sake rubutawa, ya sake cewa to. Yaya za a yi dattijo kamarsa ya bar rumfa, ya je ya zauna gaban wata mata ana tattauna 'yarsa ta fari, har labari ya kai Sandaga? A karo na uku Madam ta ce kada in dawo sai da wani babba. Na yi kwana biyu a gida ina wanke-wanke ba wanda ya tambaye ni dalili, a rana ta uku Inna ta yafa mayafi ta ce, ba tare da ta dube ni ba, "Wuce mu je."

Har yau ina ganin zaman nan. Yara sun fita, Madam ta jawo wa Inna kujerarta ta malamai, ita ta zauna a benci. Ta fara da Faransanci, "C'est votre fille?", wato 'yarki ce? Inna ta kawar da kai wajen taga ta ce, "Yarinyar gidanmu ce." Madam ta ga Faransancin ba zai kai su ba, ta koma Pidgin, wanda Inna ke ji sarai tunda da shi take cefane. Ta yi bayani dalla-dalla. Ta ce yarinyar nan tana da kai, irin kan da ba kasafai ake samu ba, amma ba ta iya karatu ba, haddacewa take yi. Ta ce ba a makara ba. Ita za ta riƙa tsayar da ni bayan tashi, kuma za ta buɗe min kaye, wato littafin rubutu, na musamman, kullum ta liƙa 'yan layuka sababbi waɗanda ban taɓa ji ba. Abin da take roƙo a gida kaɗan ne: wani wanda ya iya karatu ya zauna da ni da yamma, ko na ɗan lokaci ne, ya ji ni, ya rubuta mata inda na tsaya, mahaifi ya sa hannu. "Ni kaɗai ba zan iya ba, Mama," in ji ta. "Kin ga yawansu. Yaya take a gida? Me take so? Faɗa min in san ta inda zan kama ta."

Inna ba ta ce uffan ba. Ta ja bakin mayafi ta rufe rabin fuska, tana kallon ƙasa. Ni na san abin da ke faruwa: an yabe ni a gabanta, an kuma ce ta buɗe baki ta ba da labarina, abu biyu da ba za ta iya ɗauka ba. Madam ba ta san haka ba. Ta jira, ta sake tambaya, ta dube ni, ta dubi Inna, na ga fuskarta tana sauyawa. Abin da ta gani shi ne uwar da ko amsa 'yarta ba ta yi, wadda aka kira sau uku kafin ta zo. A ƙarshe Inna ta miƙe ta ce, "Mun gode, Allah ya saka," muka fito. A hanya tana gaba ina baya, har muka shiga gida ba ta waiwayo ba.

Madam ta cika nata alkawarin. Ta buɗe kayen, ta riƙa tsayar da ni, har na fara haɗa ƙananan kalmomi ina jin daɗi. Ɓangaren gida ne ya zama fanko. Abin da ya fi ci min rai, akwai wanda zai iya. Ɗan wan Baba yana aikin ofis, yana zaune a unguwar Kotto, kuma duk Lahadi yana zuwa gaisuwa ya yini. Kalma ɗaya daga bakin Baba ta isa. Amma ba zai iya roƙon wani abu don ni ba. Kullum in ajiye kayen a gefen tabarma, Baba ya ɗauki biro ya ja sunansa da ajami yana hira da wani, idonsa bai sauka a shafin ba. Madam ta riƙa rubuta saƙo da jan biro a ƙasan kowane shafi, saƙon na ƙara tsawo, babu mai karantawa. Ni ma da nawa laifin, ba zan ɓoye ba. Da na kai wa yayan nan namu kayen da kaina, da ya duba. Girman kai ya hana ni. Na ci gaba da rera tsofaffin darussa da la'asar, Baba na rage rediyo.

Bayan hutun Kirsimeti Madam ta daina liƙa sababbin layuka. Ba ta yi min faɗa ba, ta dai mayar da hankalinta kan waɗanda iyayensu ke zuwa, kuma ban ga laifinta ba. Na maimaita aji biyar. A shekara ta biyu wani malami ne, ba ruwansa da kowa, na sake faɗuwa. A lokacin ƙanwata Zainabu ta cim min a aji. Ita kam Baba da kansa ya je lakwal ranar da makinta ya ɗan sauka, ya sa babbar riga, ya dawo yana ta faɗa, kuma Lahadin da ta biyo ya ce wa ɗan wansa ya riƙa duba mata littattafai. Ina tsugune ina wanke kwanuka na ji. Ban taɓa jin haushin Zainabu ba, amma ranar na yi kuka a bayan ɗaki har kaina ya yi ciwo. Ƙarshen shekara na ce ba zan koma ba, ba wanda ya ce don me. Aka kai ni koyon ɗinki wurin wata mata a unguwar Nylon, inda awo da ido ya isa.

Sai da na haifi biyu na koyi karatu, a ajin matan aure na yamma, da Hausa tukuna, sannan ɗan Faransanci. Zainabu tana ofis yanzu, ita ke cike min takardu idan sun yi tsauri. Zamani ya sauya, malamai na turo makin yara ta waya, suna kiran taron iyaye, kuma ni ce ta farko a bakin ƙofa. 'Yata ta fari, Amina, da sunanta nake kiranta a gaban kowa, har matan unguwa na tsokanata wai na sayar da kunya na sayi keken ɗinki. Sai dai zuwa taron ba ya mayar min da komai. Nakan zauna a bencin yara, malami na bayani, rabi na wuce ni, in dawo gida zuciyata a cunkushe.

Baba ya rasu bai taɓa sanin ban iya ba, ko ya sani bai nuna ba. Inna tana wurina yanzu, ta tsufa, kuma da yake Amina jika ce, ba kunya tsakaninsu, kullum suna tare. Kwanakin baya da rana ina yanka yadi a baranda, na ji ta tana ce wa Amina, da muryar da ta tabbata zan ji, "Ki dage, kin ji ko? Na san wata yarinya mai kai, ta fi ki kai nesa ba kusa ba. Aka kira uwarta lakwal, malamar ta faɗa mata komai, ta ji komai. Bakinta ne ya ƙi buɗuwa. Ta dawo gida ta kwana uku abinci bai wuce mata wuya ba." Amina ta ce, "Hajiya, wace yarinya ce?" Inna ta ce, "Ba ki san ta ba."

Na ajiye almakashi, na kasa ɗaga kai. Shekara talatin ina zaton ba ta damu ba, ashe tana ɗauke da shi, kuma ko a yanzu ta bayan jika ta iya faɗa. Na yafe mata tun kafin ta rufe baki. Amma har yau idan aka miƙo min takardar asibiti, da yatsa nake binta.