Gorar Kawu Altine

Kawu Altine na Fagada, ƙanen mahaifiyata, bai taɓa shiga aji ba, amma ya yi shekara talatin yana karanta gulbi. Wata doguwar gora ya kafa a bakin ruwa, ya yi mata tsaga-tsaga da wuƙa. Kullum da safe sai ya duba tsaga nawa ruwa ya ci, sannan ya zagaya ya leƙa tafkunan fadama. Idan aka buɗe dam can sama, abokinsa Giɗaɗo, wani makiyayi da ke wajen, shi ke aiko masa da labari.

Shekara uku da samun jihar Kebbi, shinkafa ta nuna, saura yanka. Ran Laraba saƙon Giɗaɗo ya iso: an saki ruwa. A ranar kuma wani ma'aikacin gwamnati ya zo a kan babur, da takarda a hannu, ya ce sai bayan kwana biyar ruwan zai iso mu.

Kawu ya ce, "Malam, lissafin ga naka na rani ne. Tafkuna sun cika, babu inda za su shanye shi. Jibi ruwan ga shina nan. Jama'a, ku yanke tun yau!"

Jibin kuwa ranar kasuwar Jega ce, ga albasar ajiya ta yi tsada. Sai kowa ya zaɓi maganar da ba za ta hana shi cin kasuwa ba. Har dariya aka yi masa, wai gora za ta ja da takarda. Shi kaɗai ya shiga gona da lauje.

Ran Juma'a da hantsi, maza na Jega suna ciniki, ruwa ya hau fadama ya shafe ta.

Abin da har yau yake ci mini rai shi ne abin da ya biyo baya. Babu wanda ya ce, "Altine, ka yi gaskiya." Cewa aka yi mugun baki gare shi, shi ya kira ruwan, in ba haka ba me ya sa shinkafarsa kaɗai ta tsira? Har da babana a masu faɗa, alhali shinkafar Kawu muka ci shekarar nan.

Kawu ya tuge gorar, ya tokare dangar awaki da ita.

Da damina ta zagayo, gulbi ya fara kawo jan ruwa, babana ya je ya tsuguna a ƙofarsa, ya ce, "Altine, yaushe?"

Kawu ya ce, "Ni mi na sani? Ku jira mai babur."