Mai Sauraron Wake a Tashar Dangora

Malama Furera tana zaune cikin ƙaramar bas a tashar Dangora, ana jiran mota ta cika. A cinyarta akwai insha'in ɗalibanta arba'in, kowanne ya fara da "Bayan gaisuwa mai tarin yawa," ga shi jarrabawa saura mako biyu. Shida kawai ta karanta barci ya fara fizgarta.

Sai ga wani siririn mutum ya tsaya a bakin ƙofar motar, hula a karkace, biro biyu a aljihu, buhunan adana wake a kafaɗa. Ya ɗaga kwalba cike da wake, ya kara ta a kunne, yana gyaɗa kai kamar mai jin labarai a rediyo.

"Ƙwari suna cin abincin rana," in ji shi. "Waken maƙwabcina ne, kuma bai gayyace su ba."

Direba ya ajiye rakensa. Wata tsohuwa ta miƙo hannu, ita ma sai ta ji da kunnenta. Sai da kowa ya juyo sannan mutumin ya russuna: "Salamu alaikum, iyayena. Barkanku da rana."

Furera tana kallon biron nan biyu. Ko tsohon malami ne da aji ya yi wa kaɗan? Ta sayi buhu ɗaya, ita da ba ta noma wake, ta roƙe shi ya sayar mata da kwalbar ta kai wa ɗalibanta su ga yadda ake fara zance.

Ya rungume abarsa. "Hajiya, buhu ko goma ki ɗauka. Amma in na ba ki wannan, da me zan fara?"