Ƙeyar Baba Tela

A unguwar Briqueterie ina da maƙwabci, wani tsohon tela mai aikin wuyan riga. 'Yarsa tana aure can Garwa, ta yi shekaru ba ta ga fuskarsa ba, kullum roƙonta a aiko mata foto. Shi kuma ya ce ba a cikin tsummokaran shago ba, sai wuri mai daraja.

Wata Lahadi da ruwa ya ɗauke, muka hau taksi zuwa wani ƙaton mutum-mutumi da ke kan tudu, siffar wani dattijo da ya ɗaga wuta sama, yara sun ɗafe jikinsa. Tururi yana tashi daga kwalta a hankali, ka ce mutum-mutumin numfashi yake.

Na yi yawon ƙasashe, na san irinsu sai ka tsuguna kafin kai da ƙafa su shiga foto. Na tsuguna, na ce, "Baba, juyo nan mana."

Ya ce, "In juya wa babba baya? Wa ya rene ka?"

"Baba, siminti ne fa!"

"Ko siminti ne, gemunsa ya fi nawa."

Na yi lallashi har gwiwata ta yi tsami. Ya harɗe hannuwa a baya yana kallon wutar nan. Haka na ɗauka: ƙeya, hula a karkace, gajimare.

Na tura wa 'yarsa da fargaba. Sai ga muryarta, dariya haɗe da kuka: "Wallahi shi ne! Haka yake tsayawa a bakin ƙofa in yana jiran mu taso daga makaranta."