Gabas ta tashi yawo a ɗakin Baba

Ko na tsufa na manta sunayen jikokina, ba zan manta da lokacin da mahaifina ya zo mana London don a yi masa aikin ido ba, lokacin da alƙibla ta ƙi zama wuri ɗaya a gidana.

Farkon shekarun casa'in ne, muna zaune a unguwar Thamesmead, a wani gidan haya na hukuma mai ɗaki biyu. Maigidana gadi yake yi da yamma a wani babban kanti, amma a ransa shi injiniya ne. Wata mujalla ya karanta ta ɗora masa ciwon: wai idan aka jera maganaɗisu a jikin ƙafar keke, aka kewaye ta da naɗin wayar tagulla, za ta yi ta juyawa da kanta tana ba da wuta har abada, ba mita, ba fetur. Tun daga nan na shiga uku. Duk lasifikar da ta mutu tsakanin unguwar Peckham da gidanmu sai ya kwaso ta ya farke cikinta ya ciro maganaɗisu. Cokulana suka riƙa ɓacewa, sai in same su manne a jikin wani baƙin ƙarfe. Almakashina ma sai da muka yi kokawa kafin ya sako shi.

"Ke dai ki yi haƙuri," in ji shi kullum. "Ranar da abin nan ya tashi, har ƙauyenmu sai na haska."

To ga Baba zai zo. Baba tsohon hedimasta ne, mutum ne da bai yarda da shirme ba, kuma tun farko bai so aurenmu ba, ya ce yaron akwai mafarki da yawa. Ni kuwa shekara da shekaru ina gaya masa mijina ya natsu. Maigida kansa babu abin da yake tsoro kamar surukinsa ya gan shi da tarkacen bola. Sai ya tattara komai a wani ƙaton kwali, ya tura ƙarƙashin gadon ɗakin da za mu sauki Baba, ya ja zanin gado ya rufe.

Baba ya iso cikin hunturu, lokacin da rana take yin mako ba ta leƙo ba. Na shimfiɗa masa darduma na nuna masa gabas, wajen kusurwar taga. Ya ce in dakata. Ya zaro wani ɗan kamfas da ya sayo a Makka, wanda bai taɓa tafiya ba shi ba, ya ajiye a ƙasa gefen gado, ya sunkuya da idonsa mai lafiya.

"Uwata," haka yake kirana don sunan mahaifiyarsa gare ni, "wa ya ce muku nan ne gabas?"

Na ce haka muka tarar 'yan uwa suna yi. Ya girgiza kai, ya juya dardumarsa wajen ƙofa.

Abin da ban sani ba shi ne, duk safiyar da na kai Baba asibiti, maigida sai ya lallaɓa ya jawo kwalinsa ya ɗan taɓa aiki, in ya ji mun kusa dawowa ya mayar. Yau ya tura shi wajen kai, gobe wajen ƙafa, wata rana ma cikin wardrobe ɗin tufafi ya jefa shi don sauri. Shi kuwa Baba kullum sai ya auna. Yau ya kalli ƙofa, gobe ya kalli hitar ɗumama ɗaki, jibi na shigo da shayi na tarar ya ba taga baya gaba ɗaya.

"Ikon Allah," in ji shi. "Na je ƙasashe, ban taɓa ganin garin da gabas take yawo ba sai wannan. Dole tarbiyya ta yi wuya a nan."

Na kai wa maigida labari a kicin. Maimakon ya yi tunani, sai ya gyara tsayuwa ya yi mini lacca, wai London ta yi kusa da ƙarshen duniya ta arewa, shi ya sa allura take ruɗewa. Wallahi na yarda. Injiniya ne fa ya faɗa!

Ranar Lahadi, da maigida ba ya aiki, Baba ya kira mu ɗakinsa da azahar. Fuskar nan tasa ta hedimasta ya sa. Ya ce ya yi nazari, kuma abin ya dame shi ƙwarai: duk inda allurar ta nuna, ba ta taɓa nuna kusurwar da muke kallo ba. Ke nan shekarun nan duka ba daidai muke fuskanta ba. Daga yau shi zai ja mu, kuma kamfas za a bi. Muryarsa har rawa take yi don tausayinmu, ni kuwa hawaye ya cika mini ido.

Ya ajiye kamfas a kan kafet. Na ga maigida ya ƙura wa allurar ido, ya bi ta da kallo har ƙarƙashin gado. Cikin sanyin nan sai ga gumi a goshinsa. Da ya yi shiru, da babu wanda zai sani. Baba zai koma gida ya ce London ce ba ta da gabas, shi kuma asirinsa a rufe. Baba ya miƙe, ya fuskanci wardrobe, ya fara gyara hula.

"Baba, don Allah a dakata," in ji maigida.

Ya durƙusa ya jawo kwalin. Yana jawowa allurar tana binsa kamar akuya ta ga dusa. Ya kai shi hagu, ta bi shi. Ya fita da shi falo, sai ta yi ɗan rawa ta tsaya cak, lissafin Baba ya faɗa daidai kusurwar tagar da na nuna tun ranar farko.

Ni dai na so ƙasa ta tsage in shige.

Baba ya ce a fara yin salla tukuna. Bayan mun idar ya ce a kawo kayan. Maigida ya haɗa injinsa, ya bayyana komai bai rage ba, ya murza ƙafar keken. Ta juya, ta juya, ɗan ƙwan fitilar da ya ɗaura a jiki ya yi ja kamar garwashin da ya kusa mutuwa, sannan komai ya tsaya. Cokalina ɗaya ya faɗo daga jiki.

"Shi ke nan?" in ji Baba.

"Saura gyara kaɗan, Baba."

"A'a, Malam, kada ka rena aikinka. Wuta dai babu. Amma injin da ya yi kwanaki yana juya tsoho a ɗaki, ai ba a ce bai aiki ba."

Sai ya fashe da dariya har yana riƙe bandejin idonsa, ina roƙonsa ya bari kada ɗinki ya warware. Sallolin kwanakin nan kuwa sai da ya rama su tas, ko da wani malami ya ce masa ba dole ba ne. Sauran zamansa, shi ke riƙe wa maigida bakin waya suna naɗi, yana yi masa faɗan rashin tsari.

Ranar da zai koma, a filin jirgi, ya ja ni gefe. Ya ce, "Uwata, mijin nan naki ba zai taɓa samun wutar nan ba, kada ki sa rai. Amma ya zaɓi ya ji kunya a gabana da ya bar ni in kalli inda ba daidai ba. Na yi kuskure a kansa. Ki riƙe shi."

Baba ya daɗe da rasuwa, Allah ya ji ƙansa. Kwalin yana nan, mitarmu kuma ba ta fasa cin kuɗi ba. Shekaru na yi ina ɓoye shirmen mijina don a ga girmansa, ashe girman nasa bai fito ba sai ranar da ya jawo shirmen da hannunsa ya ajiye a gaban surukinsa. Tun daga ranar ban ƙara auna mutum da abin da ya iya ba, sai da gaskiyar da zai faɗa a lokacin da shiru ya fi masa sauƙi.