Mai Gadi da Autarsa

A ofis Mai Gadi suke kiransa, alhali bai taɓa riƙe sanda ba. Kamfaninsu na yin manhajar da masu rubuta shirin kwamfuta ke farautar kuskure da ita, shi kuma aka ba shi ƙofa: duk umarnin da mutum ya buga sai ya bi ta hannunsa. Ka ce shiri ya tsaya a layi kaza, sai sashensa ya duba: lamba ce ka sa ko harafi? Layin yana nan, ko ya wuce ƙarshen fayil? Ko waƙafi ya yi yawa, ba shiga. Amsa ɗaya ya tanadar wa kowa tun yana saurayi: "Umarni ba daidai ba." Yana alfahari da ita kamar shi ya ƙirƙiro gishiri.

Haka yake a gida. Matarsa ta ce ya miƙo mata kwano, sai ya ce wanne, babba ko ƙarami, har ta tashi ta ɗauka da kanta.

Ana nan Auta, 'yarsa ta ƙarshe, ta sami aiki a wani kamfani da ke amfani da manhajar. Ba ta san wane sashe ne na babanta ba, don yara ba sa tambaya. Ran nan ana cin abinci ta ajiye cokali, idonta ya yi rau-rau.

"Baba, ni barin aikin nan zan yi. Wuni guda abin nan yana ce min ba daidai ba, ya ƙi faɗin me ya ɓace. Kunyar tambaya nake ji. Wallahi wanda ya rubuta shi mugu ne!"

Matarsa ta ƙware da ruwa don dariya. Shi kam tausayin yarinyar ya kama shi sosai.

Washegari ya ja kujera ya bi wuraren da amsar nan tasa ke fitowa ɗaya bayan ɗaya. Bai sassauta ko ƙa'ida guda ba, ƙofar tana nan a rufe, amma yanzu tana magana: "An manta lambar layi. Ga misali." Wanda ya wuce ƙarshen fayil a gaya masa inda fayil ɗin ya tsaya. Abokan aiki suka yi ta tsiya, wai tsufa ya sa Mai Gadi ya koyi gaisuwa.

Har sabon zubin manhajar ya fita, yana ta zullumi kada Auta ta riga shi ta bar aikin. Wata yamma Auta ta shigo da tsalle, jaka na lilo.

"Baba, na fasa tafiya! Da alama sun kori mugun nan, sun kawo mai mutunci."

"To, Allah ya shirye shi," in ji Mai Gadi, ya tura mata naman da ke gabansa.